Halin Yaro Da Rabonsa Na Basira

 

Abin da muke son mu tattauna da jama'a masu karatu a wannan mako shi ne wata magana da ta zauna a bakin iyaye da malamai da iyayen gida, wadda ake yanke wa yara hukunci da ita tun ba su san dama da hagu ba. Maganar kuwa ita ce, wai daga halin yaro ake gane basirarsa. Idan yaro mai surutu ne, mai saurin amsa, wanda ba ya jin nauyin shiga cikin manya, sai ka ji an ce wannan ai haziƙi ne. Idan kuwa shiru-shiru ne, mai kunya, mai nawa wajen ba da amsa, sai a ce kansa ba ya ja, wani lokaci ma a kira shi daƙiƙi a gaban ƙannensa. Mu da muka shafe shekara talatin da 'yan kai muna zaune a zaure muna biya wa yara da manya karatu a karkarar arewacin Kano, mun ga irin ɓarnar da wannan hukunci yake yi, shi ya sa muka ga ya kamata mu auna shi da abin da magabata suka faɗa, da abin da idonmu ya gani, da kuma abin da masu binciken zamani suka gano.

INDA ABIN YA FI CIWO

Duk wanda ya san ƙasar da ta tashi daga Ungogo zuwa Minjibir da Gezawa, ko daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Dambatta, ya san ƙasa ce mai cunkoson jama'a. Gida na kallon gida, gona na manne da gona, babu sauran dajin da za a sare. Tun cikin shekarun 1960 wani Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya bi wannan karkara ya rubuta yadda ake noma gona ɗaya kowace damina ba tare da an hutar da ita ba, sai dai a ciyar da ita da takin dabbobin gida da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni. Daga wancan lokaci zuwa yau an yi rabon gado sau biyu ko sau uku, har gonar da kaka ya noma shi kaɗai ta zama 'yan kunyoyi a hannun jikoki.

Saboda haka magidanci mai 'ya'ya maza biyar ya san gonarsa ba za ta riƙe su duka ba, tilas ne ya yi zaɓi. Wane zai ci gaba da boko, wane za a kai tsangaya, wane za a miƙa wa wani alhaji a Dawanau ko Kantin Kwari ya koyi kasuwa, wane kuma zai tsaya a gida da fartanya. Sau da yawa ana yin wannan zaɓi ne yaro yana ɗan shekara goma ko goma sha biyu, kuma ma'aunin da ake amfani da shi bai wuce abin da ido ya gani na halinsa ba. Ga 'ya'ya mata abin ya fi tsanani, domin mu ne muke horar da su da kunya da kame baki tun suna ƙanana, sa'an nan a juyo a ɗauki wannan kunyar a matsayin shaidar cewa ba su da kan karatu.

HARSHENMU YA RIGA YA RABA SU

Abin mamaki shi ne, harshen Hausa da kansa bai yarda da wannan haɗi ba. Bahaushe yana da kalmomi na hali, irin su haƙuri, kunya, garaje, naci, miskilanci, karambani, zafin rai da sanyin hali. Yana kuma da wasu dabam na aikin ƙwaƙwalwa, watau hankali, basira, hazaƙa, wayo, azanci, fasaha, dabara da hikima, kuma kowace da gurbinta. Mai wayo ya san ta inda zai ɓullo wa mutane, mai azanci ya iya jera magana, mai fasaha hannunsa da idonsa sun iya ƙirƙira, mai basira yana hango abin da ke bayan abu, mai hikima kuwa ya san inda ya dace a ajiye kowane abu. Ko a tatsuniya an nuna wa yaranmu haka, domin babu wanda ya kai Gizo wayo da zaƙin baki, amma sau nawa wayon nasa yake jefa shi cikin rami? Wanda ya lura da wannan zai ga cewa tambayar ko yaro yana da kai ko ba shi da shi gajeriyar tambaya ce. Abin tambaya shi ne wane irin kai gare shi, kuma ta wace ƙofa ilmi yake shigarsa.

ABIN DA MAGABATA SUKA FAƊA

Malaman Musulunci sun gaji wani bayani daga likitocin Yunan, musamman Jalinusu wanda ya rayu a ƙarni na 2 na Miladiyya, cewa jikin mutum ya ginu a kan ruwaye huɗu: jini, safara'u, balgamu da sauda'u. Suka ce wanda jini ya rinjaya a jikinsa yakan zama mai fara'a da son mutane, mai safara'u yakan zama mai zafin rai da gaggawa, mai balgamu mai sanyin jiki da nawa, mai sauda'u kuwa mai yawan tunani da son kaɗaici. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi dogon bayani a kan wannan cikin littafinsa Alƙanunu. Har littafin Ta'alimul Muta'allimi na Zarnuji da ake karantawa a zaurukanmu ya danganta yawan mantuwa da yawan balgamu. Likitancin yau ya ajiye maganar ruwaye huɗu, domin da aka bincika jiki ba a same ta haka ba. Abin da ya rage mai amfani a cikinta shi ne lurar da suka yi cewa mutane suna zuwa duniya da ɗabi'u mabambanta.

Wannan kuwa yana da tushe a Sunna. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba wa Ashajju, shugaban tawagar Abdul Ƙaisi, da halaye biyu, watau juriya da rashin gaggawa, kuma da ya tambaya ko shi ya koya wa kansa su, aka sanar da shi cewa a kansu aka halicce shi. Mu lura, rashin gaggawar nan da aka yaba ita ce wadda mu muke kira nawa idan muka gan ta ga yaro.

Game da hankali kuwa, Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya raba shi kashi biyu: wanda aka halicci mutum da shi, da wanda yake samu ta hanyar karatu da gogayya da jimawa a duniya. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta bambancin hankulan mutane da bambancin ƙasa wajen ruwa. Akwai inda ruwa ke ɓuɓɓugowa da kansa, akwai inda sai an haƙa, akwai kuma inda haƙar ba ta amfani. Mutumin karkararmu ya fi kowa fahimtar wannan misali, domin ya san rijiyar fadama gaba biyu ake samun ruwa, ta jigawa kuwa sai an nutsa, amma sau da yawa ta jigawar ce ba ta ƙafewa da bazara. Laifin da muke yi wa yara shi ne mu sari ƙasa sau biyu, in ba mu ga danshi ba mu ce nan babu ruwa.

MISALAI DAGA MANYAN MALAMAI

Tarihin malamanmu cike yake da abin da ke rushe wannan hukunci. Ga Sibawaihi, wanda duk mai karatun nahawu ke cin albarkacinsa. Masu tarihi sun ambata cewa yana da nauyin harshe, alƙalaminsa ya fi bakinsa fasaha. Da farko hadisi ya tafi nema wurin Hammadu ɗan Salamata a Basra, ya yi kuskuren irabi a gaban jama'a aka gyara masa, sai ya koma wurin Halilu ɗan Ahmadu ya duƙufa a kan nahawu. Daga baya aka haɗa shi muhawara da Kisa'i a Bagadaza, aka ba Kisa'i rinjaye a gaban manya, ya bar garin da baƙin ciki, bai daɗe ba ya rasu yana da ƙuruciyarsa. Amma littafin da ya bari shi ne har yau ginshiƙin wannan fanni. Da a ce da zaƙin baki a bainar jama'a ake auna basira, da an ce wannan bawan Allah ba shi da rabo.

Ga kuma Imamu Abu Hanifa da Imamu Malik. Abu Hanifa ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a Kufa, mai saurin hujja, mai son muhawara, wanda yakan ƙaddara mas'alar da ba ta auku ba ya nemo hukuncinta tun kafin ta zo. Malik kuwa a Madina mutum ne mai kwarjini da tsantseni, ba ya son a tambaye shi abin da bai faru ba, yakan jinkirta amsa, har an ruwaito cewa an taɓa yi masa tambaya 48 ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Halayensu sun yi hannun riga, kuma kowane halinsa ya bar alama a yadda ya gina fiƙihunsa, amma babu mai hankalin da zai ce wancan ya fi wannan basira saboda saurin amsa.

Mu dawo gida. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da ɗan wansa Muhammadu Bello a gida ɗaya suka tashi, a hannun Shehu Usmanu. Malam Abdullahi mutum ne mai tsananin riƙo da ƙa'ida, mai gudun hayaniyar duniya. Da ya ga zukatan mutane sun fara karkata ga mulki da dukiya, sai ya bar rundunar jama'a wajen 1807 ya nufi gabas, har mutanen Kano suka tsai da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya koma. Ƙarfinsa yana wajen lugga da nahawu da tafsiri da fiƙihu. Muhammadu Bello kuwa mai shiga al'amura ne, mai son sanin kowane abu. Ya gina Sakkwato a 1809, ya rubuta tarihi cikin Infaƙul Maisuri a 1812, ya yi rubutu a kan magani da sha'anin mulki, kuma da Baturen nan Clapperton ya zo masa a 1824 ya yi ta yi masa tambayoyi a kan ƙasashen Turai. Hali ya ja kowannensu zuwa fagen da ya dace da shi, al'umma kuwa ta amfana da su duka biyu.

ABIN DA ZAURE YA NUNA MANA

A zaure mun ga ɗalibai iri-iri. Akwai wanda za ka biya masa allo sau biyu ya kama, amma in ka waiwaye shi bayan wata guda sai ka tarar ya zube. Akwai wanda sai ya maimaita sau arba'in, amma in ya shiga ya shiga ke nan. Akwai wanda harda ke ba shi wuya, amma da an fara Ahalari ko Iziyya sai ya dame ka da tambayar dalili, kafin a kai Risala ya fara haɗa wannan babi da wancan. Tsarin karatunmu na gargajiya ma ya san da wannan. Gwanin tsangaya, wanda zai rubuta izu sittin da ka, ya faɗa maka sau nawa kalma kaza ta zo da inda ta zo, baiwarsa dabam take da ta malamin da zai warware rikicin aure ko na ciniki daga Muhtasar. Akan sami wanda ya haɗa biyun, amma ba kullum ba.

Mun san wani yaro a wani ƙauye da ba za mu ambata ba, mai in'ina, wanda in an tambaye shi sai ya sunkuyar da kai har a wuce shi. Mahaifinsa ya zo ya ce a sallame shi ya koma gona, tun da a ganinsa zaman banza yake yi. Aka roƙe shi ya ƙara masa shekara guda. A cikin shekarar nan aka iso babin rabon gado, inda manyan ɗalibai masu baki suke tuntuɓe. Sai ga wannan yaro yana zana ƙasa da tsinke, yana fid da asalin mas'ala da kason kowane magaji kafin a gama karanta tambayar. Yau magidanci ne, kuma in za a raba gona a yankinsu shi ake aika wa.

Amma kada mai karatu ya ɗauka muna cewa duk shiru-shiru mai zurfi ne. Mun ga mai surutun da basirarsa ta kai surutunsa, har ta wuce. Mun ga kuma mai shirun da aka yi ta jira a ga abin da ke ciki, ashe dai ƙarfinsa yana hannu, ya zama magini na kirki. Abin da muka tabbatar shi ne, yawan magana da ƙarancinta ba su gaya mana kome game da yawan basira.

ABIN DA MASU BINCIKEN ZAMANI SUKA GANO

Turawa ma sun daɗe suna bin wannan mas'ala, su kuma da awo da ƙidaya. A 1905 wani Bafaranshe, Alfred Binet, ya shirya jarrabawar auna fahimtar yara ta farko, da nufin a gane waɗanda ke bukatar ƙarin taimako a makaranta. Daga baya wani masani, Raymond Cattell, ya raba basira gida biyu: ikon warware sabon abin da mutum bai taɓa gani ba, da kuma tarin sanin da ya samu ta karatu da gogayya. Mai karatu zai ga kusancin wannan da rabon da Mawardi ya yi.

Ta wajen hali kuwa, masanan sun tattara dubban kalmomin siffanta mutum daga ƙamus, suka yi ta tacewa har suka tsaya a kan manyan jijiyoyi biyar: son sani da buɗe zuciya ga sabon tunani, naci da tsari da cika aiki, son shiga mutane, daɗin zama da tausayi, sai kuma saurin damuwa da firgita. Kowane mutum yana da rabonsa a kowace jijiya, wani da yawa wani kaɗan, yawancin mutane kuwa a tsakiya suke.

An yi ta gwada waɗannan halaye da sakamakon jarrabawar basira. Mafi girman aikin da aka yi shi ne wanda Kevin Stanek da Deniz Ones na Jami'ar Minnesota ta Amurka suka fitar a 2023, inda suka haɗa bincike fiye da 1,300 daga ƙasashe fiye da 50. Abin da irin waɗannan ayyuka suka nuna a dunƙule ga shi. Na farko, son cuɗanya da mutane ko gudunsa kusan ba shi da wata alaƙa da yawan basira. Na biyu, halin da ya fi tafiya tare da basira shi ne son sani, musamman wajen tarin ilmi, domin mai yawan tambaya da bincike kullum yana ƙara wa rumbunsa, ko da yake ita ma wannan alaƙa matsakaiciya ce. Na uku, damuwa da tsoro suna rage abin da mutum zai iya nunawa, musamman a lokacin jarrabawa. Na huɗu, naci da tsari ba su da alaƙa mai ƙarfi da kaifin ƙwaƙwalwa, amma suna da babban tasiri a kan abin da ɗalibi zai girba. A 2009 wani masani a Ostareliya, Arthur Poropat, ya haɗa sakamakon ɗalibai fiye da 70,000, ya tarar cewa naci yana nuna wanda zai yi nasara a karatu kusan kamar yadda basira ke nunawa. Ashe da Bahaushe ya ce sannu ba ta hana zuwa, ya san abin da yake faɗa.

Akwai wani sakamako da ya kamata kowane uba ya ji. A 2018 Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob sun haɗa bayanan mutane fiye da 600,000, suka tarar cewa kowace ƙarin shekara a makaranta tana ɗaga makin jarrabawar basira da kimanin 1 zuwa 5. Watau yaron da aka cire daga karatu don an ce ba shi da kai, cirewar ce da kanta take rage masa abin da zai iya zama. Bayan shekara goma sai a nuna shi a ce ai dama mun faɗa.

Maganar tsoro kuwa Ibnu Haldun ya riga su faɗa cikin Muƙaddima tun 1377, inda ya bayyana cewa tsananta wa ɗalibi da duka da tsawa yana kashe masa himma, ya koya masa ƙarya da ɓoye abin da ke zuciyarsa. Ya kuma soki ɗaliban da ke shafe shekaru a majalisar ilmi bakinsu rufe, ya ce ilmi yana kafuwa ne da tattaunawa da muhawara. Saboda haka yaro mai shiru ba a ƙyale shi cikin shirunsa, a hankali ake janyo shi har ya saba da buɗe baki.

HARUFFA HUƊU NA CIKIN WAYA

Yanzu kuma ga wani sabon abu ya shigo ta wayar hannu. Sai ka ji ɗalibi ko ma'aikaci yana cewa ya amsa tambayoyi a intanet an gaya masa shi INTJ ne ko ENFP, kuma wai masu haruffa kaza su ne haziƙai, masu kaza kuwa ba su dace da lissafi ko shugabanci ba. Asalin wannan shi ne littafin da wani likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar Suwizalan, Carl Jung, ya fitar a 1921 a kan nau'o'in halaye. Wata mata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers suka gina tambayoyi a kansa a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, suka raba mutane gida 16.

Masana da yawa sun nuna raunin wannan rabo. Yana tsaga mutane biyu a kowane hali, alhali yawancinsu a tsakiya suke, shi ya sa mutane da dama in sun sake amsa tambayoyin bayan 'yan makonni sai haruffansu su canja. Kuma ba a shirya shi don auna basira ba tun asali. Har ma'aunin halaye biyar da ya fi shi inganci yana da iyaka, domin wani bincike na 2019 a ƙasashe 23 masu tasowa ya nuna cewa tambayoyin ba su cika auna abin da ake nufi ba idan aka yi wa mutanen da ba su saba da irinsu ba. In mutum ya yi amfani da haruffan nan ya ƙara lura da kansa, babu laifi. In kuwa ya ɗauke su tamkar hukuncin da aka rubuta masa, ya rufe wa kansa ko ɗansa ƙofa da su, to, ya kusanci masu duban taurari, sai dai nasa buruji da haruffan boko aka rubuta shi.

Muna cewa hali zanen dutse, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Gazali ya yi raddi ga masu cewa hali ba ya canjawa, ya ce da haka ne da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza. Ya kawo misali da ƙwallon dabino, wanda ba zai taɓa zama wata itaciya dabam ba, amma kuma ba zai zama dabino mai 'ya'ya ba sai da ban ruwa da kulawa. Masu binciken zamani da suka bi mutane shekara da shekaru sun tarar cewa yawanci naci da natsuwa suna ƙaruwa da girma.

BASIRAR DA BA TA SHIGA TAKARDA

Kada kuma mu manta cewa noma da kasuwa su ma suna cin basira. Manomin da ke haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a 'yar gona guda, ya san wanda zai fara shukawa da wanda zai biyo baya, ya san kunyar da ke bukatar taki bana da wadda za ta jira baɗi, ya san abin da zai yi in ruwa ya ɗauke bayan shuka, lissafi yake yi mai zurfi ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba. Haka dillalin hatsi a Dawanau da zai damƙi wake ya gaya maka ƙasar da ya fito da ko zai jure ajiya. Kuskure ne babba a mai da gona wurin jefa wanda aka yanke wa ƙauna, domin ƙasar da ta ƙanƙance kamar tamu ta fi bukatar mai tunani. Haka nan makarantun kimiyya da Jihar Kano ta buɗe a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977 sun fid da likitoci da injiniyoyi masu yawa, cikinsu har da 'ya'yan manoman karkara, abin da ya nuna cewa ruwan yana nan, mai haƙa ake nema.

NASIHA

Ga iyaye, muna roƙo kada a yanke wa yaro hukunci da fanni guda ko shekara guda. A gwada shi da harda, a gwada shi da lissafi, a gwada shi da aikin hannu, a ba shi amanar 'yan kuɗi a ga yadda zai yi. Kafin a ce ba ya ganewa, a duba ko yana ji sosai, ko yana ganin allo, ko da yunwa yake zuwa, ko zazzaɓi ya cinye shi, domin da yawa daga abin da ake kira daƙiƙanci ciwo ne ko tsoro. Kalmar daƙiƙi kuwa a cire ta daga baki, domin yaro yakan zama abin da ya ji ana kiransa.

Ga 'yan'uwanmu malamai, na allo da na boko, mai saurin kamawa a tsare shi da maimaici don kada sauƙi ya ruɗe shi, mai nawa a ba shi lokaci, mai yawan tambaya kada a ce masa mara ladabi, domin tambayar nan ita ce jarinsa.

Ga 'yan kasuwa da ma'aikatan hukuma masu ɗaukar yara aiki, ku tuna cewa ganawar minti goma mai baki take taimaka wa. Wanda ya iya tarbar mai saye a sa shi gaban shago, wanda ya iya ƙididdiga da tsare amana a ba shi littafi da sito, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Manzon Allah da kansa haka ya yi da sahabbansa: ya san Zaidu ɗan Sabitu da rabon gado da saurin koyon rubutu, ya san Mu'azu da sanin halal da haram, ya ba Halidu tutar yaƙi, ya kuma shawarci Abu Zarri, duk da gaskiyarsa da tsoron Allahnsa, da ya nisanci shugabanci. Bai rage wa kowa daraja ba, kowanne ya ajiye shi inda zai yi amfani.

Allah ya ba mu ikon sauke amanar 'ya'yanmu da ɗalibanmu da na ƙasa da mu. Allah ya buɗe musu basira, ya kyautata halayensu da namu, ya ba mu damina mai albarka.